Ladabin Lyall Pengilly

A duk mazan da suka ratsa ta hannuna a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin tsofaffin sojoji da ke Adelaide, inda na tsufa ina aikin jinya, ban ga ɗan tsokana irin Lyall Pengilly ba. Mai aske ulun tumaki ne daga karkarar arewacin Adelaide. Yana saurayi ƙuri'ar ɗaukar soja ta faɗa kan ranar haihuwarsa, aka sa masa kaki aka tura shi Biyetnam. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, amma barci bai biyo shi ba.

Asibitinmu na koyarwa ne. Likitoci masu neman ƙwarewa a ciwon ƙwaƙwalwa sai sun zauna da tsohon soja sun yi masa tambayoyi, malamansu da mu muna kallo ta bayan gilashin da ba a ganinmu. Lyall ne kan fara miƙa kansa. Ya ce gara su koyi aski a kansa da su je su yanke wani. Matarsa Glenys ta yi faɗan har ta gaji, don duk ranar da ya yi zaman nan sai ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Mazan nan suna da wata ɗabi'a. In sun karɓe ka, sai su laƙa maka suna su yi ta yi maka tsiya. In ka ji suna ta "ranka ya daɗe", to a bakin ƙofa suka bar ka. Lyall ya sa wa wani dogon likita Falwaya, ni kuma Sajan. Da barkwancin nan yake zagaya ɗalibai, ya kai labarinsa har bakin wata gonar shinkafa a Biyetnam, sai ya kawo wani abin dariya a tashi. Babu wanda ya taɓa jin abin da ya faru a gonar, har Glenys.

Sai aka kawo mana Dakta Thuy Lam. Iyayenta 'yan Biyetnam ne, a kwale-kwale suka gudo da ita tana goye. Shugaban sashe ya kira Lyall gefe ya ce in yana so a canza masa likita, ba komai. Lyall ya ce ai ba a canza wa tunkiya mai aski don ta tsargu da fuskarsa.

Ranar zaman farko ya zo da taye a wuya, abin da ban taɓa gani ba. Ya miƙe da ta shigo, ya gyara mata kujera, kowace amsa da "Likita" a gaba. Ita kuwa ta fito tana murna, ta ce mini ba ta taɓa ganin dattijo mai ladabi haka ba. Na gaya mata abin da ladabin yake nufi, sai ta nemi a sake haɗa su.

Lyall kuma na same shi a wajen ajiye motoci, ya kasa sa makulli a ƙofar motarsa. Na ce masa ya haƙura haka, ya yi iya yinsa.

"Sajan, ki rabu da ni," in ji shi. "Na gudu sau ɗaya, ya isa."

Zama na gaba ya kai bakin gonar bai yi dariya ba. Ya ce da asuba ne, an ce musu duk abin da ya motsa abokin gaba ne, wani abu ya motsa, ya harba. Mace ce da kwando. Nan ya ɗaga kai, karo na farko ya dubi Thuy ido da ido, ya ce ta yafe masa. Tausayinsa ya kama ni, a raina ina roƙon ta ce ta yafe a wuce wurin.

"Mista Pengilly, ni ba 'yarta ba ce," ta ce a hankali. "Yafiyar nan ba a hannuna take ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da zan iya shi ne in saurare ka har ƙarshe. Da ta faɗi, sai me ya faru?"

Ya ce ya matsa kusa ya same ta da sauran numfashi, tana kallonsa, aka ce a ci gaba da tafiya, ya bi sahu. Ya faɗi launin rigarta. Lokacin zaman ya ƙare, amma cikin malamai ba wanda ya ƙwanƙwasa gilashi don a tashi.

Da ya fito ya cire tayen ya cusa a aljihu, ya tsaya a gaban teburina kamar baƙo.

"In mutum ba koyarwa ya zo yi ba," ya ce, "in shi ne ba shi da lafiya, wa yake gani a nan?"