Ni da Kawu da Tsuntsu Mai Jambaki

Shekarun baya, lokacin da nake karatu a Manchester, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Withington wanda in na buɗe hannuwana sai in taɓa bango biyu, na taɓa ɗaukar gwangwanin gero na yi doguwar tafiya zuwa bakin teku don in kira tsuntsu. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. Amma ku tsaya ku ji yadda aka yi mai neman digiri na uku ya aikata haka.

Ina da kawu a Birmingham, yayan mahaifiyata, a unguwar Lozells. Tun kafin a haife ni ya zo ƙasar, ya yi tuƙin bas har ya ajiye aiki. Abu ɗaya ne ya ƙi barowa a Kano, kiwon tattabaru. A ɗan filin bayan gidansa ya haɗa musu ɗaki da katako, in ya kaɗa gwangwanin hatsi yana fito, sai ka ga sun sauko daga rufin maƙwabta sun yanyame shi. Matarsa, wadda nake kira Hajiya, takan ce in gidan ya kama da wuta ta san waɗanda zai fara fitarwa.

Ciwon sukari ya riga ya tafi masa da ido ɗaya, ɗayan ma yana bin sahu. Da wannan ragowar idon ne ya ga wani tsuntsun teku a talabijin, wanda Turawa ke kira puffin, ɗan ƙarami, baƙi da fari, bakinsa ja da ruwan ɗorawa. Kawu ya raɗa masa suna mai jambaki. Akwai wata cibiyar tsofaffi a unguwarsu da ke kai su yawon bakin teku duk lokacin zafi, ya yi ta damun masu kula da ita har suka yarda cewa bana za a je duwatsun da tsuntsun ke yin ƙwai. To, shekarun tsuke bakin aljihu ne, yau a rufe ɗakin karatu, gobe a rufe wurin wasan matasa. Kafin lokacin tafiyar ya zo, abin ya iso kan cibiyarsu.

Na kai masa ziyara na same shi a bayan gida, gwangwani a cinya, bai kaɗa ba.

"An rufe centre ɗin, ɗana," ya ce. "Wai babu funding. GP kuma, likitan unguwarmu, ya ce in ci gaba da jiran appointment na asibitin ido. Ni dai na so in ga mai jambakin nan kafin fitilar ta mutu."

A lokacin yana da gyambo a ƙafa, irin na masu sukari, zancen in ɗauke shi a jirgin ƙasa mai canji-canji ma bai taso ba. Na ce zan samo masa hoton a intanet in wanke masa babba. Ya taɓe baki.

"Wannan ai idon wani ne. Ni ina son wanda zan ce ɗana ne ya tsaya a gabansa."

"To Kawu, ni zan je. Zan kawo maka shi, ko ana ha-maza ha-mata."

Na faɗi haka ne ban taɓa riƙe kyamarar kirki ba a rayuwata. Da zan tafi, ya cika mini gwangwani da gero ya danƙa mini. Ya ce tsuntsu tsuntsu ne, ko na Makka ko na Ingila, babu wanda zai ga gero ya juya baya. Ni kuwa da na tashi ina ganin haka a tsakar gidanmu, ban ga abin musu ba.

Ina da aboki mutumin Jos a Moss Side, yana aiki a gidan kula da tsofaffi, ƙarshen mako kuma yana ɗaukar hotunan biki a cocinsu. Shi ya ara mini kyamara. Yana rataya mini ita a wuya yana cewa, "Ka ga lens ɗin nan? Wallahi ya fi ka daraja a wurina. In ya faɗa teku, don't come back, ka bi shi."

A watan Mayu na yi zuwan farko, can gabar gabashin Yorkshire. Na sauka daga jirgin ƙasa, na ratsa gonaki a ƙafa, ina tafe kawai sai na ga ƙasa ta ƙare. Farin dutse ne ya yanke tsaye, ruwa yana can ƙasa nesa yana duka, tsuntsaye kuma sun jeru a jikin dutsen kamar kaya a kanta, ba su da iyaka. Ga kuka, ga ƙarni, ga iska mai neman cire wa mutum hula. Na hango masu jambakin can nesa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba a cikin kyamara. Sai na ce a raina lokacin dabarar gida ya yi. Na fito da gwangwani, na kaɗa shi da ƙarfi, na yi fito irin na Kawu, na watsa gero a kan ciyawa.

Turawan da ke wurin da madubin hangen nesa duk suka juyo. Ban kula su ba, na ƙara kaɗawa. Kuma wallahi tsuntsaye sun amsa. Tattabaru ne. Ashe har a jikin dutsen nan akwai su, irin dai waɗanda nake tsallakewa kullum a tsakiyar Manchester. Suka sauko suka kewaye ni suna tsattsaga hankali kwance.

Wata dattijuwa mai kula da wurin ta ƙaraso, ta yi mini magana cikin ladabin nan nasu mai kashe jiki. Ta ce in yi haƙuri, ba a ciyar da tsuntsaye a nan, kuma wanda nake nema kifi yake ci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina tsince gero daga cikin ciyawa da yatsu, tattabaru suna taya ni. Da ta ji dalilin zuwana sai fuskarta ta sauya. Ta nuna mini wata tsaga kusa da shinge inda suke yawan sauka da sassafe, ta kuma gargaɗe ni cewa kafin ƙarshen Yuli za su koma teku, ba mai sake ganinsu sai wata shekara.

Da na kira Kawu na ba shi labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kifi? Tsuntsu da bakinsa mai kyau haka ya rasa abin ci sai ƙarni?" Da dariyar ta lafa, ya ce a hankali, "To yaushe za ka koma?" A muryarsa na gane cewa shi ba shi da wata shekarar.

Malamin da ke duba aikina yana jiran babin kundin digirina, ni kuma ina wurin shaƙatawa na unguwa ina bin agwagi da kyamara. Abokina yana koya mini yadda ake tsayar da numfashi kafin a danna, yana duba hotunan yana girgiza kai. Ya ce ya taɓa ganin mai ɗaukar hoto ya yanke kan amarya, amma bai taɓa ganin wanda agwagwa ke tsere wa ba sai ni. Na bar shi ya yi ta tsiyarsa, na riga na ƙudura sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

A watan Yuni na koma. Na kwana a garin da ke kusa, ina idar da sallar asuba na kama hanya. Na kwanta rub da ciki a bayan shingen, na saita kyamara a kan tsagar nan, na jira. Raɓa ta jiƙa ni, yatsuna suka sandare. Na ɗauki dutse ba tsuntsu, na ɗauki wutsiya, na ɗauki wani abu da har yau ban san ko mene ne ba. Rana ta ɗaga, cikina ya fara kiran ciroma, ban motsa ba. Can sai ga ɗaya ya diro daidai inda nake kallo, ƙananan kifaye jere a bakinsa, ya karkata kai ya dube ni. Na tsayar da numfashi na danna. Da na duba, har ɗigon ruwan da ke kan gashinsa ya fito. Na yi hamdala a bayyane.

Na sa aka wanke hoton babba, aka sa masa firam, na rungume shi a bas har Birmingham. Kawu yana zaune a falo. Na ɗora masa a cinya, ya shafa gefen, ya ɗaga shi kusa da fuskarsa, ya juya wajen taga.

"Kai, masha Allah," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ga jambakin nan ras."

Yatsansa yana kan dutse ne, can gefe, nesa da tsuntsun.

Na tashi na bi Hajiya kicin. Ba ta bari na tambaya ba, ta ce, "Tun kwanaki ɗaya idon ma ya tafi. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya hana ni gaya maka, wai ka riga ka sha wahala, kada a ɓata maka." Na jingina da firij na yi kuka, ban ɓoye ba. Haushi nake ji, na kaina, na tattabaru, na kowace ranar da na ɓata ina bin agwagi.

Na wanke fuska na dawo falo, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Gyambon ya warke.

"Kawu, ranar Asabar za mu je."

"Ina?"

"Wurin mai jambaki."

Hajiya ta leƙo da ludayi a hannu. "Ba ka da hankali? Mutumin da ba ya gani za ka kai bakin rami? In iska ta ɗebe shi me za ka gaya wa uwarka?"

"Akwai shinge, Hajiya. Ba zan sake hannunsa ba."

"Kuma ya je ya ga me?"

Kawu ne ya amsa mata. "Bar shi. Ko ban gan shi ba, ai a ce na kai masa ziyara." Ta ce ita dai ba da ita ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Amma ranar tafiyar ita ta naɗe masa wuya da mayafinta, ta cika mana leda da dambun nama da maganinsa.

Abokina ya musanya ranar aikinsa, ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa. Farkon Yuli ne, ana gab da azumi. Daga wurin ajiye motoci muka riƙe Kawu, ni a dama shi a hagu, muna tafe a hankali har dandamalin katako da ke bakin dutsen. Na ɗora hannuwansa a kan shingen. Na fara zuba bayani, ga wannan a can, ga wancan a nan, sai ya ce, "Yi mini shiru."

Ya daɗe a tsaye, iska tana kaɗa babbar rigarsa, yana juya kai sannu-sannu. Ya ja numfashi ya ce lallai masu cin kifi ne. Ya nuna ƙasa ta hagu ya ce akwai 'ya'ya a nan, kukan yunwa yake ji. Na ga hawaye yana bin kumatunsa, ban san ko na iska ba ne. Ana haka sai wani mai jambaki ya wuce ta gabanmu da saurin fiffikensa, fir.

"Kawu, shi ne! Yanzu ya wuce!"

"Na ji shi. Ba ni abin nan."

Na dubi abokina, ya dubi kyamararsa, ya dubi tekun, ya haɗiye yawu ya gyaɗa kai. Na rataya wa Kawu ita, na ɗora yatsansa a kan madannin. Na kai hannu zan saita masa, ya buge ni. Ya karkata kunne, ya jira, ya bi wani motsi da ni ban ji ba, ya danna.

"Na same shi?"

Na duba. Teku ya karkace, ga gefen shinge, ga wani farin fiffike dishi-dishi a lungu. Ƙarya ta zo mini har leɓe, sai na ga ta isa haka tsakanina da shi.

"Fiffike ɗaya ka samu, Kawu. Shi ma ba nasa ba ne."

Ya fashe da dariya har Turawa suka waiwayo. "To ka gani! Ni makaho na samu fiffike a bugu ɗaya. Kai mai ido biyu zuwan farko me ka samo?"

Har yau in na tuna, daɗi da ciwo nake ji a haɗe. Na yi taurin kai a kan hoto, ina ganin shi ne alkawarin, alhali mutumin so yake a kama hannunsa a kai shi. Ban yi nadamar wahalar ba, don ba don ita ba da ban san hanyar ba. Amma tun daga lokacin, in wani nawa ya ce yana son abu, nakan zauna in ƙara saurara kafin in zabura.

Kawu ya rasu bayan 'yan shekaru, na riga na gama karatu. Da aka watse daga zaman makoki, Hajiya ta ciro babban hoton daga bango ta miƙa mini. Ta ce in tafi da nawa, in wanko mata wanda ya ɗauka da hannunsa. Na ce, "Hajiya, ai babu komai a cikinsa."

Ta ce, "Na sani. So nake in ga inda ya tsaya ranar da ya dawo mini gida yana dariya."