Tukwanen da Inna Ta Hana Wuta

Watan da na fara aiki a wani kantin magani a unguwar Treichville, abu ɗaya ne a raina: hannuwan Inna. Shekara da shekaru tana dafa wa mutum goma sha ɗaya abinci a tukwanen dalma, a gidanmu na haya da ke Williamsville. Miyar yakuwa kan baƙanta cikinsu, tuwo ya kama gindi, kullum sai ta durƙusa da toka da soson ƙarfe tana dirza. Yatsunta duk sun tsattsage, har ruwan alwala yana sa ta cije leɓe.

Ranar wata Asabar na kutsa kasuwar Adjamé, na fito da tukwane huɗu na inokis, ƙarfen nan mai walƙiya da ba ya tsatsa. Kai, ranar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa! Na rungume kwalin a cikin woro-woro, tasin nan ta haɗaka, direba yana ta mitar na cinye masa kujera biyu, ni kuwa sai washe baki nake.

Inna ta buɗe kwalin, ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka fito, aka yi ta miƙa murfi hannu zuwa hannu ana duba fuska a ciki. Ta sa mini albarka har na yi ƙwalla. Sannan ta goge su da gefen zane, ta jera su a kabad ɗinta mai gilashi, kusa da kwanukan aurenta, ta murza makulli.

"Inna, na girki ne fa!"

"Wanga abu mai kyau za a ɗora bisa gawayi? Ɗiyata, ba ki da tausai."

Haka muke. Abu in yana ƙyalli, na jere ne, baƙi su gani su yaba. Wata uku cur ina kallon tukwanena ta gilashi, ina kallon Inna durƙushe bakin famfo. Haushi kamar ya kashe ni.

Rannan ta tafi suna Treichville, kuma na san makullin yana ƙarƙashin dardumarta. Na ciro babbar tukunyar, na ɗora ta a wuta. Yakuwa na zaɓa da gangan, na zuba mata busasshen kifi da daddawa. Miya ta yi ta ɓararraka, ina leƙawa ina rawa ni kaɗai. Ba baƙi a cikin tukunyar, ba ɗanɗanon ƙarfen nan da muka saba har muka ɗauka na yakuwar ne.

Ina cikin haka sai ga sallamar Inna. Ta ga gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ta dafe ƙirji.

"Mi kinka yi? Kin kashe ta! C'est gâté, ta lalace!"

Na juye miyar, na bar tukunyar ta huce, na miƙa mata soso mai laushi da sabulu. Ta harare ni, ta karɓa don ta nuna mini ɓarnar da na yi. Shafa ɗaya, biyu, cikin ya fita fes. Bayanta ma da ɗan lemun tsami ya koma kamar ba a taɓa ba. Ta juya ta, ta sake juyawa, tana neman inda za ta dirza, babu.

"Shi ke nan wankin?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta yi ta mitar daddawa ta yi yawa a miyar, amma kwano biyu ta tashi da shi. Kafin sati ya zagayo duk huɗun sun sauko daga kabad, tana yi wa matan gidan bayani sai ka ce ita ta ƙera su.

Ana jibi Sallah na dawo daga aiki na tarar da ita zaune kan tabarma, ta miƙa wa mai lalle tafukanta biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin lalle a hannun Inna ba, wai yana shiga tsaguwa ya yi mata zafi. Ta ɗago ta ce, "Kar ki tsaya nan kina kallona, je ki sauke miya, hannuna ba ya taɓuwa."