Ranar da Na Ƙi Kai Kwalekwale Gaɓa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su. Amma akwai wani yammaci a kan kogin Binuwai da ko ƙasa ta rufe idona ina jin da shi za a binne ni.

Ni ɗan yashi ne. Aikina ke nan tun ina saurayi, in shiga ruwa da kwalekwale in ɗebo yashi, in kawo bakin gaɓa a Jimeta, masu tifa su kwasa. Ban yi boko mai nisa ba, kuma ban iya lallashi ba. Abin da na sani shi ne in na dawo gida jikina ya mutu, ina son tuwo da tabarma, kada kowa ya yi mini magana.

A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, suna gudun 'yan bindigar da ke afka wa ƙauyuka a kan mashin, matata ta je sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi neman 'yan uwanta. Ta dawo da ƙanwarta guda, da jaririya goye a bayan ƙanwar. Mijin ba labari. Ɗanta na fari ma ba labari, domin a hanya, wurin hawan wani dutse, ta miƙa shi ga wata maƙwabciya ta riƙe mata, sai harbi ya tashi, kowa ya yi ta kansa. Wannan matata ce ta gaya mini. Ita ƙanwar ba ta taɓa buɗe baki a kai ba.

Jaririyar nan ba ta barci sai ana tafiya da ita. A kan hanya ta saba, kwana da kwanaki a bayan uwa ana ta tafiya, to shi jikinta ya ɗauka barci ke nan. Muddin uwar na takawa, shiru. Da ta tsaya, ko ta ce bari ta ɗan zauna, sai ihu kamar an tsaga ta. Ita kuma uwar ba ta yarda kowa ya karɓa. Matata ta miƙa hannu har ta gaji. Sai ƙanwar ta ƙara ɗaure majanyi ta ce wa yayar tata, "A'a Adda, bar ta, ba nauyi." Haka take zagaya tsakar gidanmu, daga bakin rijiya zuwa gindin dalbejiya, daga dalbejiya zuwa rijiya, har sawunta ya yi hanya a ƙasa. Duk lokacin da na farka ina jin takunta.

Shawara kuwa mun sha ta. Wata ta ce a yi hayaƙi, aka yi. Wani ya kawo rubutu, aka shafa. Wata tsohuwa a layinmu ta ce a sayo maganin mura a kyamis a ɗiga mata, ai take za ta mimmiƙe. Nan ne kawai na sa baki, na ce ba a gidana ba, yarinyar da ko wuya ba ta gama tsayarwa ba. Kowa yarinyar yake kallo. Ba wanda ya kalli uwar, har da ni, sai ranar da ta yi gyangyaɗi a tsaye a bakin murhu, gefen zaninta ya kama wuta. Matata ce ta kashe da ruwan wanke-wanke. Daga nan na dube ta da kyau. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, nono ya fara ɗaukewa, tana magana tana mantawa a tsakiya. Matata ta ce mini in aka ci gaba a haka, ko dai uwar ta zauce ko mu rasa su duka biyu.

Ana cikin haka aka ce wasu mutanen ƙauyensu sun sauka a wani ƙauyen masunta a tsallaken kogi, ƙila a samu labarin yaron. Ta mota zagaye ne mai nisa, ta ruwa kuwa kusa ne. Bayan azahar na wanke kwalekwalen, na shimfiɗa buhu da tabarma, na ɗauke su su uku. Na gaya wa ƙanwar cewa a cikin jirgi ba a tsayuwa, dole ta zauna. Ta dube ni kamar na ce ta shiga wuta, amma ta zauna a tsakiya, ta jingina kafaɗa da gwiwar yayarta. Yarinyar ta fara tsala ihu tun kafin in tura.

Rani ne, ruwa ya ja baya, tsibiran yashi sun fito fari fat. Na tura da gora muka rabu da gaɓa. Hayaniyar kasuwa da ƙarar keke suka yi ta raguwa a bayanmu har suka zama kamar zuzar ƙudan zuma a wani gida can. Sai ƙarar ruwa a jikin katako, lap, lap. Jirgin yana ɗan lilo, hagu, dama, kamar takun mutum mai tafiya a hankali. Ban san lokacin da kukan ya tsaya ba. Na dai ankara ina jin numfashina.

Yarinyar ta yi barci, kuma uwar a zaune take. Na ga ta waiga ta leƙa bayanta, ta sake leƙawa. Ta dubi ruwa ta gabas, ta dubi ta yamma. Sannan ta ce mini, a hankali kamar mai magana da kanta, "Hamma, nan babu ta inda mashin zai biyo, ko?" Na ce babu. Kanta ya sauka a cinyar matata kamar an yanke igiya.

Muka kusa gaɓar tsallake. Na san da zarar ƙasan jirgi ya gogi yashi, lilon zai tsaya, yarinyar za ta farka, uwar ta miƙe. Na dubi matata, ta girgiza mini kai. Sai na karkata gora na juya hancin jirgin, muka bi gefen ruwa muka yi sama.

Wannan yammacin har yau ban tabbata ba ko ni ma barcin nake yi. Rana ta yi laushi, ruwan ya koma kalar shayi da madara. Balbelu suna tsaye a kan tsibiri, ba wadda ta tashi da muka wuce. Wasu shanu suna tsallakawa can nesa, ƙahoninsu kawai ake gani, kamar itatuwa na tafiya a kan ruwa. Wani masunci da muka sani ya ɗaga hannu zai yi mini kirari yadda ya saba, na sa yatsa a baki, ya leƙo ya gani, sai ya janye tarunsa ya ba mu hanya. Duwatsun nesa sun yi shuɗi. In na kai inda ruwa ya yi ƙarfi sai in saki jirgin ya gangaro da kansa, in sake hawa. Kafaɗuna suna ciwo, amma ciwon kamar na wani ne.

Can matata ta sa yatsu ta fara kwance majanyin, a hankali, ƙulli bayan ƙulli. Ta zare yarinyar ta kwantar da ita rigingine a kan hannunta. Na ga shatin majanyi a ƙirjin uwar, ya ci fata har ya yi baƙi. La'asar a zaune na yi ta a cikin jirgi.

Da rana ta kusa faɗuwa sai ƙanwar ta zabura. Hannunta ya tafi baya, ta ji wayam. Na ga bakinta ya buɗe, na riƙe gora da kyau don kada ta kifar da mu. Matata ta ɗan ɗaga hannu kawai ta nuna mata. Yarinyar na barci, baki a buɗe, hannu ɗaya a sama. Uwar ta daɗe tana kallon ta. Ta kai yatsa ta taɓa tafin ƙafarta. Ni na ɗauka fizge ta za ta yi. Sai ta ce, "Adda, riƙe mini ita." Ta mayar da kai ta koma barci.

Washegari muka je ƙauyen. Ba su san labarin yaron ba, kuma har yau ba mu ji ba. Ba zan yi ƙarya in ce kogi ya warkar da komai ba. Amma daga ranar ta fara ba da goyo. Na riƙa fita da su bayan azahar na ɗan lokaci, daga baya ba a buƙata. Matata ta tsara abin a gida: wanka da ruwan ɗumi bayan magariba, nono, a rage fitila, a kashe rediyo, ta goya ta zagaya kaɗan, ta kwantar da ita tun idon bai gama rufewa ba. Kullum haka, lokaci guda. Uwar kuma a tura ta ɗaki ta kwanta, ko ta so ko ta ƙi. Sannu a hankali zagayen ya yi ta gajarta har ya ƙare. Damina ta zo ta shafe hanyar nan ta tsakanin rijiya da dalbejiya.

Yanzu yarinyar tana sakandare a unguwar Bako. Barci gare ta kamar gungume, sai an yayyafa mata ruwa take tashi sallar asuba, in na tsokane ta ta ce, "Kawu, ai kai ka koya mini." Ni kuma ƙarfi ya ƙare, yashi sai dai in tsaya a gaɓa ina nuna wa matasa.

Abin da ranar ta koya mini ba shi da yawa. In an ce mini jariri ya hana gida barci, ba na tambayar me aka ba shi. Uwar nake tambaya yaushe rabonta da barci, da kuma wa ta yarda ta miƙa wa. In ta ce babu, to daga nan za a fara.