Ɗamarar da Ban Taɓa Ɗaurawa Ba

Har yau in na ji warin galura tana tafasa a tukunya, Kakata nake tunawa, tsugune a bakin murhu a gidanmu na Jibiya, tana juya ɗamarata da muciya kamar mai tuƙa tuwo.

Ina ɗan shekara goma na fara koyon kareti a bayan tashar motocin boda. Malaminmu direba ne mutumin Maraɗi, Metur muke ce masa yadda mutanen can suke kiran malami. Kai da ka saba ganin ɗamara a kanti cikin leda, ka sani mu ɗaya tak kowa yake da ita. Fara ake ba ka ranar da ka shiga. In ka ci jarrabawa sai a rina ta rawaya, daga nan ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, kowane launi ya fi na baya duhu don ya rufe shi. Tsakanin launi da launi akwai watanni na naushin buhun yashi da maimaita kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, a kan ƙasa mai ƙona tafin ƙafa lokacin bazara. Kaka ce mai rina mini tawa. Ba ta san kan wasan ba, dambe mai ihu take ce masa, amma ba ta taɓa kuskuren launi ba.

Kafin a fara komai da bayan an gama, ɗalibi yakan sunkuya wa malaminsa. Shekara huɗu ina yin haka kullum, har ya zame mini kamar ƙiftawar ido.

Sai shari'a ta zo, wa'azi ya cika gari, mahaifina ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ce ba a sunkuya wa kowa sai Allah. Ya hana durƙuso a gida, shi kansa ya daina durƙusa wa Kaka, a tsaye yake gaishe ta. Na ga yadda take kau da kai. Metur ya ji irin maganganun da ake yi a kansa, sai ya cire sunkuyon, muka koma sallama da musabaha.

Baƙar ɗamara kuwa ba a hannunsa take ba. Sai an ƙetara zuwa Maraɗi, gaban babban malamin da ya koyar da shi, kuma can ba a cire komai ba. Ina da shekara goma sha shida aka ce na isa. Mahaifina ya yarda in tafi bisa sharaɗi ɗaya.

"Ka yi mani alkawari ba ka duƙa ma ɗan Adam," ya ce. "In ka duƙa, kar ka shigo mani gida da ita."

Na yi alkawari, kuma da gaske nake. Ni da Metur muka wuce shingen kwastan, muka wuce na duwan, wato kwastan ɗin can, duk hanya ina faɗa wa kaina tsaye zan tsaya ƙyam, ko me zai faru.

Aka kira ni tsakiyar fili. Tsohon ya ɗago ido ya buga tsawar farawa, sai kawai na ga yatsun ƙafata. Na riga na sunkuya. Wallahi ban yi niyya ba, shekara biyu na musabaha ba su goge shekara huɗun farko daga bayana ba. Na ɗago, na yi katana babu tuntuɓe, na yi faɗa da mutum uku, aka ce na ci. Metur yana ta murna, ni kuwa bakina ɗaci.

A zaure na tarar da mahaifina. Bai tambayi ci ko faɗuwa ba.

"Ka duƙa?"

"Ban duƙa ba, Baba."

"Rantse."

Na rantse. Na kasa barin shekara shida na wahala su tafi a banza, na rantse da Allah a kan ƙarya. Ya rungume ni, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari Kaka ta ɗora tukunya. Da ta shanya ɗamarar ta dube ni ta ce, "Mi ya same ka? Wanda ya ci ba haka yaka yi da huska ba." Na ce gajiya ce. Da ta bushe na je filinmu, na zagaya ta a ƙuguna, hannuna ya ƙi ƙulla ta. Ban sake komawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alfaharin mahaifina. A masallaci, a kasuwa, yana ta ba da labari cewa ɗansa ya je ƙasar wasu ya ƙi sunkuya wa kowa, kuma dole suka ba shi. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. Da wannan labarin a bakinsa ya rasu.

Yanzu yaran Jibiya suna sayen ɗamara sabuwa ga kowane mataki, suna sunkuyo ana ɗaukarsu a waya, ba wanda ya ko ɗaga kai. Kwanan baya ɗana ya zaro tawa daga ƙasan akwati, ya ce, "Baba, kakanmu ya ce kai ne wanda bai duƙa ba. Don me ba ka ɗaura ta?" Na karɓa na naɗe. Shi ma ban faɗa masa ba tukuna.