Layin da na so in goge

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digirin dakta, kuɗin gwamnati ne ya ɗauki nauyina. A takardar da na sa wa hannu akwai sharaɗi: duk abin da na auna sai an ɗora shi a intanet, kowa ya gani kyauta. Don murna ko gama karantawa ban yi ba.

Bincikena a kan ruwan rijiyoyin unguwarmu ne, Kilomita Biyar. Na yi watanni ina yawo da kwalabe, daga bayan Masallacin Koudoukou har bakin unguwar Miskine. Na haɗa da rijiyar gidanmu, wadda mahaifina ya haƙa kafin ya rasu. Rabin layinmu a nan suke ɗiba, mahaifiyata ba ta taɓa mai da mai bokiti ba.

Da sakamako ya fito, tamu tana cikin mafi ƙazanta. Masai ne kusa da ita, yana tsiyaya ciki idan an yi ruwan sama.

Ni mai ilimi, abin da na yi shi ne na koma shan ruwan kwalba a ɗakina, na ce wa mahaifiyata ta riƙa tafasa namu, wai haka ake yayi. Dalilin kuwa na haɗiye shi.

Da lokacin miƙa bayanan ya zo, na tambayi malamina ko zan iya cire layi ɗaya daga jerin sakamakon.

"Awon ne ya lalace?" in ji shi.

Na ce a'a, rijiyar gidanmu ce.

"Sunan gida da ainihin wurin za mu ɓoye, naku da na kowa. Amma layin zai zauna." Sannan ya tambaye ni: "Masu shan ruwan sun sani? Ko sai wani a Turai ya riga su karantawa?"

Na dawo gida na tarar da mahaifiyata tana dakan ganyen rogo. Na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Ta ajiye taɓarya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata biyu, Inna."

"Wata biyu 'ya'yan mutane suna ɗiba, ke kina ɗaki da kwalbarki?"

Na ce na ji tsoron a yi da rijiyar Baba a unguwa.

"Babanki don a sha ya haƙa ta, ba don a yabe shi ba. Ɗauko takardunki."

Ta yafa mayafi, muka bi gida-gida. Tana bayani da Sango, harshen garin, inda ta ga Bahaushe ta juya Hausa, ni ina bayanta kamar wadda aka kama da sata. Yawanci godiya suka yi. Amma wata maƙwabciyarmu, wadda jaririnta ya sha fama da gudawa a daminar, ta saurare mu har ƙarshe, ta dube ni, ta shige ɗaki. Ta fi shekara ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Ban san ko ruwanmu ne ya kwantar da yaron ba, amma na san na yi shiru.

Aka cike masan, aka haƙa wani can ƙarshen gida, aka yashe rijiyar aka zuba magani. Sauran masu rijiyoyi ma na kai wa kowa nasa sakamakon hannu da hannu, sannan na ɗora bayanan ba tare da na taɓa ko layi ɗaya ba.

Da farko na ɗauki sharaɗin nan a matsayin takura. Yanzu nakan ce ba don shi ba, da na goge layin na kwanta barcina, a kira ni dakta. Kuɗin mutane ne ya biya awon, kuma mutanen ba su da nisa, katanga ce tsakaninmu.

Yaron ya girma, yana makaranta. Uwarsa ta haƙa tata rijiyar. Duk farkon damina takan zo da ruwanta a kwalba ta miƙo min, ta ce, "Ki auna, kuma ni za ki fara gaya wa."

Ita nake fara gaya wa.