Tayoyi Huɗu a Kan Rufin Dela

Shekara ashirin da biyu Malam Haladu ya yi yana aikin duba-gari a Roni, kuma babu matar da ta taɓa yi masa sannu da zuwa da zuciya ɗaya. Tun kafin a sami mulkin kai yake shiga gidaje da ludayinsa, ya kamfaci ruwan randa ya ɗaga a hasken rana. In ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, sai a zubar da ruwan, ko daga rijiyar bayan dutse aka ɗebo shi. Bakinsa har ya gaji da bayani: sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa ba ruwansa da kwata, ruwa mai kyau da ya daɗe a ajiye yake nema, da rana yake cizo, kuma shi ke ɗaukar ciwon shawara daga jikin wani ya kai wa wani. Mata su ce to, yana juya baya su yi tsaki.

Matarsa Dela ce kaɗai bai taɓa kamawa da laifi ba. Randarta kullum a rufe, duk Juma'a sai ta wanke ta. Abu ɗaya ta roƙe shi a zamansu, rufin kwano, don ta gaji da tarar yoyo da ƙwarya. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ya yi mata. Iskar farkon damina ta nemi yaye shi, sai wani direban Kazaure ya ba shi tsofaffin tayoyi huɗu aka danne. Maƙwabta suka ga dabara, duk wanda ya yi kwano sai ya kwaikwaya.

Damina ta uku zazzaɓi ya shiga unguwar, ya kama Dela. Ya lafa kwana ɗaya, ya dawo da ƙarfinsa, idanunta suka yi rawaya. Malamin asibiti ya ce shawara ce, ba shi da allurar da ke kashe ta, sai ta rigakafi, ita kuwa kafin ciwo ake yinta. Haladu an yi masa tun a wurin aiki, Dela ba a zo kanta ba. Ya sake bin unguwar gida-gida, randa, tulu, har kaskon kaji, bai ga komai ba. Ya dawo gida a gajiye.

Da aka yi ruwa, kwanon ya fara ɗiga daidai kan gadonta. Ya ari tsani ya hau ya toshe. Tayoyin nan kowace cike take da ruwan sama. Hannunsa ya saba, ya zaro ludayin ya kamfata. Tsutsa ce fal.

Ya miƙe ya duba. Daga nan ana ganin unguwar duka, rufi bayan rufi, kowanne da tayoyinsa. Shekara ashirin da biyu yana sunkuye a kan randunan mutane, bai taɓa ɗaga kai ba.

Ya jefo tayoyin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ta tashe ta.

"Malam, me ka gani a saman?"

"Yoyo ne, Dela. Na toshe."

Bayan kwana biyu ta rasu, ba ta san abin da ya gani ba.

Bai daina aiki ba. Ya dai ƙara tsani a kan ludayin, yana saɓa shi a kafaɗa, ga tsufa, ga ciwon baya. In mata sun tambaye shi wa ya fara kawo musu wannan masifar ta taya, sai ya jingina tsanin da bango ya ce shi ne.