Hannun Kaka Nomau da Waɗanda Suka Yafe Shi

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai kakana Nomau makwancinsa a Isa. Na sha ɗaukar alƙalami a kansa ina ajiyewa, don tsoron kada in ɗora wa matattu abin da ba su yi ba. Abin da ya auku a gidanmu cikin watan nan ne ya hana ni sake ajiyewa.

Ban taɓa ganin hannun damansa ba. Tun zamanin Turawa ya rabu da shi, yana sabon magidanci, kawuna Garba yana goye. Lebura ne a motar wani kamfani mai kwasar gyaɗa tsakanin Sabon Birni da Isa. Hanyar rairayi ce. In mota ta kafe, leburori kan tone gaban taya da hannu, su cusa zana da itace, sannan a ce wa direba ya ja. Ran nan akawun kamfani yana sauri, ya ce a ja, Kaka kuwa bai zare hannu ba. Haka aka ba ni labari, waɗanda suka gani da ido duk sun riga mu gidan gaskiya.

Yana kwance bai san inda kansa yake ba, akawu ya iso zaure da goro. Dattawa suka taru, wan Kaka, Bawa, ya ce ƙaddara ce, sun yafe. Aka shafa fatiha, aka yaba wa gidan da dattako. Kamfani ya ɗauki wani lebura, gyaɗa ta ci gaba da tafiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ji an ce ko a lokacin akwai dokar biyan ma'aikacin da ya nakasa a bakin aiki. Ni ba lauya ba ne, ban tabbata ta haɗa da irin su Kaka ba. Abin da na tabbata shi ne babu wanda ya faɗa masa.

Har ya rasu bai sake sa hannu a akushi ɗaya da maza ba. Cin tuwo da hagu cikin mutane abin kunya ne a wurinsa, sai ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma bayan rumbu. Ni kaɗai nake bin sa, da yake babu kunya tsakanin jika da kaka.

"Kai ɓarawon matata, mi kaka kallo?" in ji shi. "Gudan hannun yana Ingila, ya bi gyaɗa. In ka yi boko ka amso mini abina."

Sau ɗaya na ji ya yi zancen ba da wasa ba. Ya ce, "Da an tambaye ni, wataƙila ni ma in yahe. Ba a tambaye ni ba."

Da zai leƙo yau, anya zai ga bambanci? Turawa sun tafi, motocin namu ne, amma goron nan yana nan. Lawali, autan Kawu Garba, lodin yashi yake yi a tifa. Ta zame a gangare yana tokare taya da dutse, ta take masa hannun dama, aka yanke shi daga gwiwa. Bai gama farfaɗowa ba wakilan mai tifa suka cika zaurenmu da goronsu. Ban ce sharri ya kawo su ba, ban san zuciyarsu ba. Na kuma yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana gyaran birki, ba ta kuma ciyar da 'ya'yan Lawali. Me ya sa kullum mai hannu biyu ne ke saurin yafe hannun wani?

Kawu ya gyara murya zai ce an yafe. Ni ba mai magana gaban manya ba ne, amma na riga shi.

"Kawu, a gafarce ni. Hannun na Lawali ne. A bari ya farka."

"Bokon ke nan, katse manya? So kake a ce gidanmu ana cin kuɗin jini?"

"A'a, Kawu. Amma ka san inda mahaifinka yake cin tuwo."

Sai Kawu ya tura goron gaban baƙi, ya ce su koma da shi tukuna. Ba a shafa fatiha ba.

Ban san abin da Lawali zai zaɓa ba. Wataƙila ya nemi hakkinsa, wataƙila ya yafe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kaka bai bar mana gona mai yawa ba. Ya bar mana wannan: a tambayi mai hannu.

Jiya na kai wa Lawali tuwo. Ya dubi kwanon, ya dubi hagunsa, ya ce in ɗan fita. Na wanke hannu na zauna. Kwano ɗaya muka ci.